Jiyyar Tsuntsun Gida Idan Cutar Fumfuna Ta Kama Shi

An shirya wannan darasi ne domin Hakimai da malamansu. Da wuya a shiga gidan sarauta a ƙasar nan a rasa tsuntsu, ko dai aku a zaure, ko kanari a keji, ko tattabaru a bayan gida, wani gidan ma har da ɗawisu da jimina. Akwai wata cuta da takan kashe irin waɗannan tsuntsaye sannu a hankali, mai gida bai san abin da ya ci su ba. Wasu su ce sanyi ne, wasu su ce baki ne. Alhali kuwa sau da yawa asalin cutar yana nan cikin gidan, a buhun gyaɗa ko a ƙasan keji. Za mu ɗauki aku ya zama misali, domin yana cikin tsuntsayen da cutar ta fi kamawa, amma abin da za a faɗa ya shafi sauran duka. Ana roƙon malami ya karanta wa Hakimi darasin, sa'an nan a karanta wa yaron da ke kula da tsuntsayen.

1. Mece ce fumfuna?

Kowa ya san fumfuna, watau abin nan mai kama da auduga, kore ko toka-toka ko baƙi, da kan fito a jikin tuwon da ya kwana biyu, ko masarar da aka tara ba ta bushe ba. Abu ce mai rai, dangin laimar kwaɗi. Tana da iri-iri, amma wadda ta shafe mu a nan ita ce masana ke kira Asfajilas. Wani masani mutumin Italiya, Micheli, shi ya sa mata wannan suna a shekarar 1729. Cutar da take jawowa kuwa likitoci suna kiranta asfajilosis.

Fumfuna tana yaɗuwa ne ta hanyar wata ƙura da take fitarwa, wadda ita ce irinta. Ƙwayar wannan ƙura ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ba a ganinta sai da madubin likita. In an jera kamar 400 daga cikinsu, sa'an nan za su kai tsawon milimita ɗaya. Iska tana ɗauke da ita ko'ina, mutum da dabba suna shaƙar kaɗan kowace rana, jiki mai lafiya kuwa yakan kashe ta ba tare da an sani ba.

Abubuwa uku take so ta yi yabanya: danshi, da ɗumi, da abin da za ta ci, kamar hatsi, da ɓawon gyaɗa, da dusa, da ƙaiƙayi, da ruɓaɓɓiyar harawa, da kashin tsuntsu da ya taru. Saboda haka lokacin marka, da farkon kaka sa'ad da ake shigo da sabon amfani bai gama bushewa ba, su ne lokatan da ya kamata a fi yin hattara.

2. Me ya sa ta fi cin tsuntsu?

Halittar numfashin tsuntsu dabam take da ta mutum. Ban da huhu, yawancin tsuntsaye suna da jakunkunan iska guda tara a cikin jiki, wasunsu har suna shiga cikin ƙasusuwa. Fatar jakunkunan nan siririya ce, jijiyoyin jini kaɗan ne a cikinta. To, jini shi ke kai dakarun jiki inda cuta ta shiga, shi ne kuma ke kai magani. Wurin da jini bai cika zuwa ba, nan cuta ke samun mafaka. Har wa yau, tsuntsu ba shi da tantanin nan da ya raba ƙirji da ciki, wanda mutum ke yin tari da ƙarfinsa, don haka ba ya iya kakaro abin da ya shaƙa kamar yadda mutum ke yi. Zafin jikinsa kuwa yakan kai digiri 40 zuwa 42, wannan irin fumfuna kuwa tana jure zafin da ya fi haka.

In ƙurar ta sauka a cikin jakar iska, jiki bai kashe ta ba, sai ta tsiro, ta yi fure a can ciki kamar yadda take yi a jikin tuwo. Wani lokaci takan dunƙule ta zama curi mai kama da cuku, ya toshe hanyar iska.

Amma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Hanya biyu ce cutar ke kama tsuntsu. Ta farko, ya shaƙi ƙura mai yawa gaba ɗaya, kamar 'yan tsaki da aka shimfiɗa wa ƙaiƙayi mai fumfuna. Waɗannan sukan mutu cikin 'yan kwanaki. Ta biyu, jikinsa ya yi rauni har ƙura kaɗan ta fi ƙarfinsa. Wannan ita ce ta fi kama manyan tsuntsaye, takan ɗauki makonni ko watanni. Abubuwan da ke raunana shi su ne wahalar tafiya da cunkoso a hannun 'yan kasuwa, da zama cikin hayaƙi, da yawan ɗura masa magani barkatai, da rashin abinci mai kyau.

Batun abinci yana da muhimmanci. Aku tsuntsun kurmi ne, daga Kudu ake kawo shi, da ƙasashen Kamaru da Kwango. A can yana cin 'ya'yan itatuwa, musamman kwakwar manja, wadda ke cike da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Wannan bitamin shi ke ƙarfafa fatar hanci da maƙogwaro. Da ya zo Arewa sai a tsare shi da gyaɗa da dawa shekara da shekaru, waɗannan kuwa ba su da shi sai ɗan abin da ba a rasa ba. Ga rauni ya samu, ga kuma ƙurar fumfuna a cikin ɓawon gyaɗar da yake fasawa a gaban hancinsa.

3. Alamun cutar

Ɗabi'ar tsuntsu ce ya ɓoye ciwonsa, domin a daji wanda ya nuna kasala shi shaho ke fara ɗauka. Saboda haka ran da kowa ya ga ba shi da lafiya, ciwon ya riga ya yi nisa. Ga abubuwan da za a riƙa dubawa:

(a) Sauyin murya. Abin da tsuntsu ke yin kuka da shi yana can ƙasan maƙogwaro, inda ya rabu biyu, fumfuna kuwa takan so wurin. In akun da ya saba yi wa baƙi maraba ya yi shiru, ko muryarsa ta dishe, kada a ce fushi yake yi.

(b) Haki bayan ɗan motsi kaɗan, ko buɗe baki da miƙa wuya don neman iska.

(c) Bindinsa yana sama yana ƙasa tare da kowane numfashi, ko da yana tsaye wuri ɗaya.

(d) Rama. Gashi yakan rufe ramar tsuntsu, sai an shafa ƙirjinsa. In ƙashin tsakiya ya fito kamar bakin wuƙa, ya rame.

(e) Kumbura gashi, da yawan barci da rana, da rage cin abinci, da sauka daga kan sanda ya zauna a ƙasan keji.

(f) Majina, ko toshewar ƙofar hanci guda.

Akwai kuma wata fumfunar, dangin yis, wadda takan kama baki da jakar abincin da ke gindin wuya, musamman ga ƙananan tsuntsaye. Za a ga fari-fari a baki kamar kindirmo, tsuntsun yana amayar da abin da ya ci. Wata cutar tattabaru ma tana kama da wannan alhali ba fumfuna ba ce, maganinta dabam. Ido kaɗai ba ya rabe su, aikin likita ne.

4. Kada a haɗa ta da annoba

Wannan sashe shi ya fi shafar Hakimi a kan aikinsa. Cutar fumfuna ba ta tsallakawa daga tsuntsu zuwa tsuntsu, ba ta kuma tsallakawa daga tsuntsu zuwa mutum. In ta kama biyu ko uku a gida ɗaya, to, abinci ɗaya suka ci, iska ɗaya suka shaƙa.

Amma akwai cututtuka masu yaɗuwa waɗanda su ma sukan fara da wahalar numfashi. Akwai annobar kaji da ake kira Niyukasil. Akwai murar tsuntsaye, wadda aka tabbatar da ɓullarta a Nijeriya a watan Fabrairu na 2006 a wata gonar kaji a Jihar Kaduna, wadda kuwa takan iya kama mutum. Akwai kuma zazzaɓin aku, shi ma yana kama mutane, ya zo musu da zazzaɓi da tari.

Ga ƙa'idar da za a bi. Tsuntsu ɗaya yana ramewa a hankali, sauran lafiya lau, wannan batun jiyya ne. Amma in kaji ko wasu tsuntsaye suna mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, gida bayan gida, to, malami ya rubuta wa ofishin likitan dabbobi a ranar, Hakimi kuma ya gargaɗi dagatai da masu unguwanni kada a kai kajin wurin kasuwa, kada a yanka marasa lafiya a ci, kada yara su taɓa matattu. In kuwa wani a gidan da ake jiyyar aku ya kamu da zazzaɓi da tari, a kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita akwai tsuntsu marar lafiya a gidan.

5. Abin da za a yi a ranar farko

Na ɗaya, a fitar da shi daga inda ya kamu, a sa shi a ɗaki mai tsabta, busasshe, mai samun iska, amma ba a bakin taga inda sanyi ke kaɗawa ba. A ware shi daga sauran har likita ya gan shi.

Na biyu, a ba shi ɗumi. Tsuntsu marar lafiya yana bukatar kamar digiri 28 zuwa 30. Da hunturu a rufe gefe uku na kejin da zane, a ajiye kwalbar ruwan ɗumi naɗe da tsumma a jikinsa. Kada a hura masa gawayi, kada a kunna turaren wuta ko maganin sauro a ɗakin, domin hayaƙin da mutum ke jurewa yana iya kashe tsuntsu.

Na uku, a saukar masa da sanda, a sa ruwa da abinci kusa da shi. A hana yara tsokanarsa, a rage kama shi, don tsuntsun da ke haki yana iya mutuwa a hannu. In ya zama tilas a riƙe shi, kada a matse ƙirjinsa, da motsin ƙirjin yake numfashi.

Na huɗu, a duba abincinsa, a shinshina, a fasa gyaɗar. Duk wanda aka ga alamar fumfuna a cikinsa, ko yana warin danshi, a binne shi. Kada a zuba wa kaji.

Na biyar, kada a ba shi kafso. Mutane sun saba buɗe kafso mai ja da rawaya su zuba a ruwan kowane tsuntsu marar lafiya. Wannan magani na wasu ƙwayoyin cuta ne dabam, ba ya taɓa fumfuna, yakan ma kashe ƙwayoyi masu amfani da ke tare mata hanya. Magungunan kumburi irin su dekisametason sun fi shi ɓarna, domin suna kwantar da ƙarfin jiki. Haka kuma kada a yi masa sirace da man zafi, kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo da ƙarfi, zai iya bin hanyar iska ya shaƙe shi. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In yana numfashi baki buɗe ko yana fito, ba a jira gobe. A kai shi wurin likita nan da nan.

6. Aikin likitan dabbobi

Likita zai auna nauyinsa, ya saurari ƙirjinsa. In akwai kayan aiki zai ɗibi jini, ya ɗauki hoton ƙirji, wani wurin ma a zura ɗan siririn madubi a leƙa jakar iska. In asibitin da ke kusa ba shi da waɗannan, akwai asibitocin koyar da likitocin dabbobi a jami'o'in Zariya da Sakkwato da Maiduguri. Akwai kuma cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke Vom kusa da Jos, wadda take can tun 1924.

Magungunan fumfuna suna nan, kamar itirakonazol, da borikonazol, da tabinafin, da amfoterisin. Wasu a baki ake ba da su, wasu kuwa da na'ura ake mai da su hazo tsuntsun ya shaƙa. An ambaci sunayensu ne don malami ya gane su a takardar likita, ba don a je a saya ba. Awonsu bisa nauyin tsuntsu yake, suna kuma iya taɓa hanta. Itirakonazol musamman an san yana yi wa aku illa, awon da wani tsuntsu zai jure yana iya kashe shi.

Ya kamata mai gida ya san gaskiya tun da fari. Jiyyar doguwa ce, takan ɗauki makonni da yawa, sau da yawa ma watanni. Tana cin kuɗi. Wanda aka kai da wuri yana da dama, wanda aka bari ya rame ƙwarai kuwa da wuya ya tashi. Babban kuskure shi ne a daina magani ran da aku ya soma magana. Fumfunar tana nan ba ta mutu ba, za ta dawo. Likita ne kaɗai zai ce a tsaya.

7. Littafin jiyya

A nan malami zai yi amfani ƙwarai. Ya ware shafi, ya ja layuka, kowace safiya ya rubuta kwanan wata, da nauyin tsuntsun, da abin da ya ci, da kamannin kashinsa, da yadda numfashinsa yake, da lokacin da aka ba shi magani. Ƙaramin sikeli mai nuna giram ya isa. A auna shi cikin kwali kafin ya ci abinci, a cire nauyin kwalin. Babban aku yakan yi giram 400 zuwa 500. A ce an fara da 450, bayan kwanaki aka ga 405, to, ya zubar da kashi ɗaya cikin goma na nauyinsa ke nan, lalle a koma wurin likita ko da yana nuna kuzari. In ya ƙi abinci yini guda, ko yana amai, ko kashinsa ya koma kore shar, a sanar da likita kafin a sake ba shi magani.

A shimfiɗa takarda a ƙasan keji, a sauya kullum. Da haka ne za a ga kashin sosai, danshi kuma ba zai taru ba. A wanke mazubin ruwa da na abinci kowace rana. Mai jiyya ya wanke hannu da sabulu kafin ya taɓa shi da bayan ya gama.

Wajen abinci, a bar masa abin da ya saba ci muddin mai kyau ne, don kada ya ƙi ci gaba ɗaya, sa'an nan a riƙa ƙara masa karas, da dafaffiyar kabewa, da gwanda, da mangwaro, da ɗanyen ganyen zogale, da ɗigon manja kaɗan a kan abinci. Abin da ya rage a kwashe kafin ya yini. Kada a ba shi piya ko kaɗan, guba ce ga tsuntsu.

8. Rigakafi

A wanke keji duk mako da ruwa da sabulu, a shanya shi a rana ya bushe sarai kafin a mai da tsuntsun. Kada a rataye keji kusa da rumbu, ko tarin harawa, ko inda ake sussuka da shiƙa, ko madafa. A sayi abincinsa kaɗan-kaɗan, a ajiye a mazubi mai murfi, a bisa katako, nesa da bango. Gyaɗa kuwa a rage ta, wadda za a ba shi a ɓare ta a zaɓa. Mai sharar ɗakin tattabaru ya yayyafa ruwa tukuna, ya ɗaure hancinsa da ƙyalle. Wanda ya taɓa yin tarin fuka, ko mai asma, kada a sa shi wannan aiki, domin ƙurar da ta kama tsuntsu tana iya kama huhunsa.

Aku yana iya kai shekara 40 ko fiye in an kula da shi. A sani kuma ya yi ƙaranci a daji saboda yawan kamu, har taron ƙasashen duniya da aka yi a Johannasbag a 2016 ya hana cinikin wanda aka kamo daga daji tsakanin ƙasa da ƙasa. Wanda ke da shi ya riƙe amanarsa, kada ya ce in ya mutu a sayo wani.

9. Abin da ya shafi talakawa

Wata 'yar'uwar wannan fumfuna tana barin guba a cikin gyaɗa da masara, ana kiranta afalatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo kamar 100,000 suka mutu a Ingila a 1960, aka bi sawu aka tarar tunkuzar gyaɗa ce da aka kawo daga Birazil. Ita wannan ba shaƙarta ake yi ba, ci ake yi. Hanta take lalatawa, ta tsuntsu da ta mutum, tana kuma cikin abubuwan da ke jawo sankarar hanta. Dafuwa da suya ba su kawar da ita.

Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai. In akun Hakimi ya kamu, kada a tsaya a kejinsa. A tambaya daga wane buhu aka ɗebo abincinsa, su wa kuma ke ci daga buhun nan. A taron dagatai na kaka, Hakimi ya ja hankalinsu ga abu huɗu: a cire gyaɗa a kan kari, a shanya ta a bisa tabarma ko leda har ta riƙa ƙara in an girgiza, a tsince ruɓaɓɓu da ƙwandararru a binne maimakon a yi ƙuliƙuli da su, a kuma gyara rumbun da ke yoyo kafin a zuba sabon hatsi.

Tambayoyi

1. Faɗi abubuwa uku da fumfuna ke bukata kafin ta yaɗu.
2. Me ya sa sauyin muryar aku yake da hatsari?
3. Yaya za a bambanta cutar fumfuna da annoba, wa kuma za a rubuta wa in ana zaton annoba ce?
4. Don me aka hana zuba kafso a ruwan tsuntsun?
5. Aku mai giram 480 ya koma 430. Me malami zai yi?
6. Rubuta gajeriyar takarda daga Hakimi zuwa ga dagatai a kan shanya gyaɗa da ajiye ta.